Agwagin Padumi Sun Dawo da Baƙin Mai

Zazzaɓin damina da ya kwantar da Tankeswar ya sake shi, amma ya tafi da hancinsa. Tun daga lokacin ba ya jin ƙanshi, ba ya jin wari. In an kawo kifi daga kasuwa sai ya miƙa wa matarsa Padumi ta sansana, in madara ta kwana sai ya tura mata kwanon. Har rigarsa yakan kawo mata ya tambaya ko za ta iya ƙara kwana ɗaya a jikinsa, ita kuma ta bi shi da tsintsiya tana dariya.

Abin da zazzaɓin ya kasa ɗauka shi ne taurin kai. Likita ya ce ya huta. Shi kuwa ana gama girbin shinkafa, bikin Bihu na sanyi ya matso, ya ce shi zai ɗaura meji na bana, tulin itace da karan da ake ƙonawa ranar bikin, a gonarsa, inda ubansa yake ɗaurawa. Ya sari gora mafi tsayi a bayan gida ya kafa a tsakiyar gona, ya yi ta jera itace da karan shinkafa yana ɗaurewa, har meji ya wuce rufin ɗakinsu, ƙasa da faɗi, sama da tsini. Ranar biki da asuba, bayan kowa ya yi wanka, shi zai sa masa wuta, gari duka a tsaye ana jefa wainar pitha da goron tamul a ciki.

Padumi ba ta hana shi ba. Ta ji irin muryar da maƙwabta suke gaishe shi da ita lokacin da yake kwance, muryar da ake yi wa wanda aka fid da rai da shi. Yanzu ga shi yana dawowa daga gona da kara a gashinsa yana neman ƙarin shinkafa, yana yi wa samari faɗa a kan ƙulli. Ta san tulin karan nan ne ya tsayar mata da mijinta a kan ƙafafunsa.

Bututun ɗanyen mai ya bi ta ƙarƙashin gonar tun kafin a kawo Padumi gidan. Turakun siminti masu jan kai ne ke nuna hanyarsa, kuma an saba da su kamar yadda aka saba da suri. Ana shuka shinkafa a kai, ba a dasa itace, ba a haƙa rami mai zurfi, shi ke nan. Moinul, mai sintirin bututu a ƙafa, yakan tsaya shan shayi a barandarta, kuma bai taɓa tashi bai yi mata wa'azinsa ba: in ta ji warin mai, ko ta ga ciyawa ta bushe a tsakiyar ɗanya, ko ruwa ya yi launi, kada ta kunna komai, ko waya kada ta taɓa a wurin. Ta nufi inda iska ke fitowa, ta janye mutane, sannan ta kira lambar da ke jikin turke. Takan ce masa ko aku ya fi shi yawan waƙoƙi, ta ƙara masa shayi.

Ranar jajibere da hantsi tana dakan garin pitha sai ga agwaginta sun dawo, ba lokacin dawowarsu ba. Tafiyarsu ma ba daidai ba, suna ta karkaɗa fuka-fukai. Babban namijin da aka ware don miyar dare da farar kabewa shi ne a baya. Ta kama shi ta juya. Ƙirjinsa ya yi baƙi, gashin ya manne, yana danƙo a hannu. Ba ta ma kai shi hanci ba ta ji.

Ta ajiye aikin, ta bi ta bayan ayaba zuwa magudanar da ke gindin gona. Daga nesa ta tsaya. Ruwan ya yi launi kamar wuyan tattabara, ciyawar bakinsa ta yi ruwan ɗorawa a miƙe, daidai layin turakun, kuma can a gefe laka tana ɗan kumfa a hankali. Iskar kogi tana kwashe warin tana kai shi cikin gorori, shi ya sa mazan da ke sama ba su ji ba. Amma Padumi ta yi shekaru tana shanya a filin nan. Ta san da asuba iska kwanciya take yi, abin da ke ƙasa ya bazu ko'ina.

Ta ɗaga kai. Kusa da meji maza suna haɗa bukkar kara da za a ci abincin dare a ciki. Lohit, ƙanen mijinta, ya riga ya jera duwatsun murhu, taba a bayan kunne, kwalin ashana a hannu.

Ba ta yi gudu ba, don in tsohuwa ta yi gudu sai kowa ya tsaya tambaya. Ta isa da tafiyarta ta kullum.

“Bou, shayi kika kawo mana, ko leƙen asiri aka turo ki?” in ji Lohit, haka yake kiran matar wansa.

“Ba ni ashana, tawa ta jiƙe.”

Ya jefa mata. Ta ƙulle a bakin zane, ta juya wajen na kusa da shi ta miƙa hannu, sannan na gaba. Lohit ya tambaya ko girki za ta yi ko kanti za ta buɗe. Ta ce pitha na nan da zafi a gida, da shayi, kuma wanda ya zo ƙarshe kwanon zai wanke. Kafin ta rufe baki filin ya watse, saura mutum ɗaya a kan tsani yana gyara ƙullin da wani yaro ya ɓata jiya.

“Heri, sauko.” Haka take kiran mijinta, bakinta bai taɓa kama sunansa ba.

Ya ce saura kaɗan. Ta ce ya sauko, kuma da ya ji yadda ta faɗa sai ya sauko. Ta kama hannun rigarsa ta ja shi wajen kogi, iska tana dukan fuskarsu, sai da suka yi nisa sannan ta gaya masa abin da ta gani, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba.

Ya ce magudanar nan dama ba ta rasa wari. Ya ce ko Lohit ne ya wanke injin ban-ruwansa a ciki. Sai ta buɗe tafin hannunta, baƙin ƙirjin agwagwa yana nan. Ya kama hannun ya kai hanci kamar yadda ya saba a da, ya ja numfashi, ya sake ja. Babu komai. Ya saki hannun a hankali. Wannan ya fi kumfar laka taɓa mata zuciya.

“In aka kira su, hana wuta za su yi,” ya ce.

“Za su hana.”

“Tun zamanin Deuta, ubana, a nan ake ƙona shi. Shekarar ambaliya ma a nan aka ƙona.”

“Na sani. Ni na riƙe maka fitila.”

Ya juya yana kallon meji. Ya ce mutane za su ce Tankeswar ya ƙare, ko wutarsa ma ba ta ci ba. Ya ce a bari gobe ta wuce, kwana ɗaya ne, mai ba gudu zai yi ba. Padumi ta bar shi ya gama.

“Heri, ɗan kifin kasuwa ba ka ci sai na sansana. Yau da gari guda zai tsaya a filin nan da jarirai a baya, yau ne hancina zai yi maka ƙarya?”

Ya sake duban tafin hannunta. Ta ciro ’yar wayar da ’yarsu ta saya mata ta sa masa a hannu, ta ce gona tasa ce, shi ya kamata su ji muryarsa. Lambar kuwa tana kanta, don a jikin irin turken nan take jingina faifan barkono. Tana faɗa yana dannawa. Da aka ɗauka ya gyara tsayuwa, ya faɗi sunansa da na ubansa da na gari, kamar mai gayyatar ɗaurin aure, sannan ya ce matarsa ta ji warin mai a gonarsa, kuma matarsa ba ta kuskure wari.

A gida labari bai yi wa maza daɗi ba. Wani ya ce an yi gaggawa, wani ya ce bikin shekara guda an ɓata shi a kan agwagwa. Tankeswar ya zauna ya ɗauki pitha ya ce duk mai son kunna wuta a filin, ashana tana wurin Padumi, ya je ya karɓa. Suka dubi Padumi. Ba wanda ya tashi.

Rana ba ta kai tsaka ba mutanen bututu suka iso, Moinul a gaba yana haki. Suka bar motarsu can bakin titi suka shigo da ƙafa. Shugabarsu, wata matashiya mai hular kwano, ta ce an riga an tsayar da turo mai daga sama. Suka zagaye gindin gonar da igiya, wani yana yawo da wata ’yar na’ura mai shaƙar iska tana ƙara. Padumi ta tambayi Moinul aikin na’urar, ya gaya mata, ta ce ashe ƙanwarta ce, a gaishe ta. Matashiyar ta bi gidajen da ke wannan gefen ta ce kada a hura murhu sai ta ba da izini, girkin dare a kai shi harabar ɗakin ibada, can ƙetaren titi.

Tankeswar ya tambaye ta batun meji. Ta ɗaga kai ta kalle shi har tsini, ta ce ba ta taɓa ganin mai kyansa ba, amma wuta a filin nan babu, yau ko gobe.

Ya gyaɗa kai. Padumi tana bayansa, ta ga kafaɗunsa sun sauka irin saukar da suka yi da damina. Maza kowa yana kallon ƙasa.

“Ni da aka kawo ni garin nan,” ta ce, “a kafaɗa aka ɗauko ni. Kuma na fi kara nauyi.”

“Har yau tawa ciwo take, Bou,” in ji Lohit.

Aka yi dariya, sannan dariyar ta tsaya, don kowa ya gane. Yashin bakin kogi yana can ta inda iska ke fitowa, nesa da bututu, ba gida, ba gora. Matashiyar ta sa aka zagaya meji da na’urar, ta saurara, ta ce to, amma ba ƙarfe, ba taba, kuma a yi da sauri.

Da hannu da guntun itace aka sassauta gorar tsakiya, ƙasar gona tana da laushi. Aka zura dogayen gorori ta ƙarƙashi, maza suka jeru, tsoho da saurayi, har wanda ya ce an yi gaggawa. Da aka ɗaga, meji ya yi ƙara kamar tsohon gado, ya karkata, ya tsaya. Tankeswar ya shiga gaba yana tafiya da baya, hannu biyu a sama, yana cewa na dama su sassauta, na hagu su bar rawa, Lohit ya daina surutu ya sa kafaɗa. Muryarsa ta dawo har ta wuce ta da. Mata suka biyo baya suna tsintar karan da ke zuba. A kan kunyar gona wani ya zame, tsinin ya sunkuya, Padumi ta rufe ido, da ta buɗe yana nan. Suka kai shi yashi suka kafa, ya ɗan jingina gefe guda kamar wanda ya sha giyar shinkafa. Tankeswar ya zagaya shi ya ce ƙullin na sama ne ya riƙe shi, wanda ya gyara da safe.

Miyar kabewa ta bana ba nama. Namijin agwagwan ya sha wanka da ruwan ɗumi da sabulu, yana cikin kwando yana hararar kowa. Lohit ya ce tun da yake bai taɓa ganin wanda ya faɗa kwata ya tsira da wuyansa ba sai shi.

Da asuba aka yi wanka, haƙora na kaɗawa, aka taru a yashi. Can nesa a gona mutanen bututu suna aikinsu a bayan igiya. Tankeswar ya tsaya gaban meji da sabon mayafi a wuya, ya laluba aljihu, ya laluba ɗaya, sannan ya waiwaya. Padumi ta kwance bakin zane, kwalayen ashana suka zubo a yashi, maza suna ta nuna nasu. Ta zaɓi na Lohit ta miƙa wa mijinta.

Wuta ta kama ƙasa ta hau, gora tana fashewa, mutane suna matsowa suna jefa pitha da tamul suna addu’a. Ya dawo ya tsaya kusa da ita, zafin yana dukan fuskarsu. Ta ga yana buɗe hanci yana ja.

“Me kike ji?” ya tambaya a hankali.

Ta rufe ido ta shaƙa. Ta ce kara, da ɗanyar gora, da riɗi yana ƙonewa, da pithar matar Lohit da ta cika suga.

“Mai fa?”

“Babu.”

“Ƙara sansanawa.”

Ta ƙara, don ya gani. Sannan ta ce akwai dai wani wari guda, rigar nan tasa ba za ta ƙara kwana ba.