Ranar da Aka Kayar da Turki

Sabuwar ƙwallo, kwalin ruwan sanyi, tsofaffin takalma a leda, da ɗan Brazil ɗaya mai furfura da ciwon gwiwa a kujerar baya. Abin da Ousmane direba ya ɗauko ke nan zuwa Abhur, bakin tekun Jidda.

Baƙon Josenildo ne, tsohon ɗan wasan tsakiya. Ya buga a ƙasarsu, ya buga a Turai, ya ƙare a Jidda lokacin da Turki, kafilin Ousmane, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, yake yaro mai liƙa hotonsa a bango. Yau Turkin ne ya gayyato shi wasa. Da guntun Larabcin da ya rage masa ya ba da tarihinsa. Bai iya yanka ba, bai cika zura ƙwallo a raga ba. Aikinsa ɗaya ne: in mutum ya taho, ko ƙwallo ta wuce ko shi ya wuce, amma ba tare ba.

Ousmane ya hango matsala. Duk Alhamis bayan la'asar Turki yakan tara ma'aikatan gidansa a buga ƙwallo a bakin teku, kuma akwai ƙa'idar da ba a taɓa furtawa ba: ba a ƙwace wa maigida ƙwallo. Mai dafa abinci ya gwanance a zamewa. Mai gadi, da ke tsaron raga, kullum hagu yake faɗawa in ƙwallo ta yi dama. Ga shi iƙamar Ousmane, takardar izinin zamansa a ƙasar, ta kusa mutuwa, kuma sai ran Turki ya yi fari yake tuna takardu.

Ousmane ya bayyana wa baƙon duk wannan da Larabci, da Faransanci, da hannu. Josenildo ya gyaɗa kai.

Da farko ya cika alkawari. Turki ya taho da tumbinsa, Josenildo ya kauce kamar mai ba tsohuwa hanya. Da Turki ya sake tahowa, baƙon ya sunkuya yana ɗaure takalmi. Amma ƙafar da ta ƙare ƙuruciyarta a aiki ɗaya ba ta jin Faransanci. Turki ya sake dannowa, sai kawai aka ga ƙwallo a ƙafar baƙo, maigida kuma a kife, baki cike da yashi.

Kowa ya tsaya. Ousmane ya fara tunanin abin da zai tarar in an kora shi garinsu, Zinder.

Turki ya miƙe yana dariya har da hawaye. Ya rungume Josenildo, ya ce tun yana yaro yake kallon wannan ƙafa tana kayar da manya, yau ga shi ta kai kansa. Sannan dariyar ta ɗauke. Ya dubi mai dafa abinci, ya dubi mai gadi, ya daɗe yana duban Ousmane.

"Dattijo mai gwiwa ɗaya ya tare ni. Ku kuwa shekara da shekaru kun kasa?"

Turki ya kakkaɓe yashin da ke rigarsa.

"Halas, shi ke nan. Ya Ousmane, ranar da ka ƙwace ƙwallo a ƙafata, ranar zan sabunta iƙamarka."

Da aka tashi, Josenildo ya ɗingisa zuwa mota yana ba da haƙuri, ya ce a kai shi otal ya sa wa gwiwarsa ƙanƙara. Ousmane ya jefa ƙwallon a kujerar gaba, ya jira baƙon ya zauna, ya rufe masa ƙofa.

"Otal sai an jima, Kaftin," ya ce ta taga. "Akwai fili a bayan unguwarmu. Yau za ka koya mini yadda ake kayar da maigida."