Yatsa Uku Bisa Zane

"Muhtari, ɗaga kanka ka dubi gindin galan ɗin can."

Muhtari direba ya shigo ne kawai ya gai da maƙwabcinsa kafin ya wuce tasha, ko zama bai yi ba. Malam Shehu na kwance bisa tabarma, wata biyu ke nan ciwon ƙirji ya kayar da shi, yana nuna azara da yatsa. Can aka rataye galan ɗinsa na awo, na ƙarfe, mai cin lita ashirin, mai gilashi a wuya da jan zane. Daga ƙasa ana ganin gindin ya lotsa ciki, kamar an dunƙule hannu an naushe shi.

Shi Malam Shehu, in ba ku san shi ba, shi ne mai saita mitar famfunan mai tun daga Kaura har Shinkafi da Zurmi. Mita ta fara ƙarya, a aika masa. Sai ya ɗura mai a galan, ya dubi zane, ya dubi lambar da mita ta nuna, ya murɗa wani ɗan sukuru har su zo daidai. Shekara ashirin da biyar yana wannan, har sunansa ya koma Shehu Mita.

"Kullum a tsaye nike kallon shi," in ji shi. "Sai da Allah ya kwantar da ni na gani. Galan da ya lotsa ba shi cin ashirin. Ke nan duk mitar da na saita da shi tauye mutane takai."

Shekarar ce aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara. Rediyo ba ta da zance sai na masu tauye mudu, ga sabbin kwanonin awo an rarraba a kasuwanni. Ga kuma rediyon a bakin matashinsa.

Muhtari ya sunkuyar da kai. Ai ya san ranar. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, hanyar Katuru, galan ya suɓuce daga saman bas ɗinsa ya dira bisa dutse. Malam Shehu na gaba yana gyangyaɗi. Muhtari ya sauka, ya goge shi da hula, ya mayar, ya ja bakinsa. Wa ke leƙa gindin galan?

"Baba Shehu," ya durƙusa, "ni na yada shi."

Ya ba da labarin duka. Inna Zuwaira, matar gidan, tana bakin ƙofa da kwanon kunu.

"Kai Muhtari! Shekara sha ɗaya kana cin tuwona da wagga magana a ciki? Shi ya sa ba ka ƙiba."

Tsohon ya so ya yi dariya, tari ya tare shi. Da ya lafa sai ya ce, "Kai na yahe maka, ba kai ad damuwata ba. Amma wa zan bi in roƙa? Duk wanda ya sha mai tsakanin Kaura da Zurmi? Har tsohuwa mai kwalbar kananzir? Da wanga kaya zan tahi?"

Muhtari bai yi lodi ba ran nan. A tasha ya ji cewa 'yan kwamitin duba ma'auni suna gidan man Hajiya Gimbiya da sabon galan da aka kawo daga Gusau, kuma famfunan Hajiya ba wanda ya taɓa mitarsu tun saitin Malam Shehu na ƙarshe. Ya dawo a guje ya faɗa. Ko me za a gani, gara a gani.

"Ɗauke ni," in ji tsohon.

"Malam, ko bayi sai an riƙa ka!" in ji Inna Zuwaira.

"To ku riƙa ni."

Aka cire kujerar baya ta bas ɗin Muhtari, aka shimfiɗa katifa. Inna Zuwaira ta yafa mayafi ta shiga tana faɗa, da galan ɗin a cinyarta. Muhtari da aka sani da gudu, yau har mai amalanken shanu ya wuce shi yana yi masa kirari.

Hajiya Gimbiya, wadda ta gaji gidan man daga mijinta, tana zaune a inuwar rumfa da mafici. Ganin wanda ke cikin motar ta miƙe.

"Malam Shehu! Mi ya hito da kai cikin wagga rana?"

"Hisabi na zo, Hajiya, tun kahin na can."

Malam Imrana, shugaban kwamitin, mutum ne mai tabarau da littafi a hammata, ba ya yawan fara'a. Ya saurari bayani, ya ce a buɗe ƙofar motar yadda mara lafiya zai gani. Aka ajiye sabon galan a shimfiɗaɗɗen wuri, aka sa bakin famfo. Lambobin mita suka shiga juyawa. Muhtari ya kasa kallonsu, sai ya kalli bakin Malam Shehu da ke motsi da salati. Goma sha takwas. Goma sha tara. Ashirin cif, aka saki.

Malam Imrana ya tsuguna, ya gyara tabarau, ya daɗe yana duban gilashin.

"Ya wuce zane."

"Ya kasa dai," in ji Malam Shehu.

"Ya wuce, Baba. Zo ka gani, direba."

Muhtari ya duba. Wallahi man ya hau bisa jan zanen da kusan yatsa guda. Aka juye, aka sake. Aka koma famfon gas, aka koma na kananzir. Duk haka. Direbobi da 'yan acaɓa sun fara taruwa, kowa na miƙa wuya.

"Naku galan ya samu matsala," in ji tsohon. "Ba shi yiwuwa."

"To nuna muna yadda kake yi da naka," in ji Malam Imrana.

Aka kawo lotsattsen. Muhtari ya riƙe famfo da kansa, yana ɗurawa a hankali, mai ya kai zane ya tsaya.

"Mi ka tsaya yi? Ƙara."

"Ya kai zane, Baba."

"Wa ka tsayawa bisa zane kamar marowaci? Yatsa uku za ka ɗora, sannan a saita."

Malam Imrana ya cire tabarau.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"To da ƙaƙa? Wannan ai gyara ne, ba a sa shi cikin awo. Babana gero ya auna a Badarawa har ya mutu, bai taɓa miƙa ma mutum mudu ba tozo ba."

Hajiya Gimbiya ce ta fara. Ta dafe ƙirji, mafici ya faɗi.

"La'ilaha illallahu! Shehu, shekara da shekaru kana yi ma mutane gyara da man fetur ɗina? Fetur gero ne?"

Sai dariya ta ɓarke. Wani ɗan acaɓa ya ce shi ya sa in ya sha mai nan yake kaiwa Gurbin Bore ya dawo. Inna Zuwaira tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Har Malam Imrana sai da ya rufe fuska da littafinsa. Muhtari kuwa zama ya yi daɓas a ƙasa.

Malam Shehu kaɗai bai yi dariya ba. "Ashe ke na cuta, Hajiya."

"Cuta? Ka ga layin motocin da ke nan kullum, kana zaton don kyawuna suke zuwa? Na yahe, duniya da lahira. Sauran masu gidajen man ma ni zan bi su, in ga wanda zai ce bai yahe ba."

"A mayar da mitar bisa zane?" Malam Imrana ya tambaya. "Dukiyarki ce. Mu ragi munka zo hanawa."

"Kar wanda ya taɓa min ita."

A hanyar komawa tsohon ya ce a tsaya a sayo masa fura, shi da ya kwana huɗu bai nemi komai ba. Ya sha ludayi biyar. Ya ce wa Muhtari tuƙinsa na yau kamar na mai ɗauke da ƙwai, ya taka mana.

Kwana uku ya ƙara. Ranar Alhamis da hantsi, Inna Zuwaira na gyara masa matashi, ya yi kalmar shahada, ya juya fuska gabas, shi ke nan. Motoci suka zo daga Shinkafi da Zurmi, har tasha ta zama wayam, ba a samu mai lodi ba sai bayan azahar.

Da la'asar Muhtari ya biya gidan man Hajiya. Bai sauka ba, ya dai kashe mota ya zauna. Wata tsohuwa na tsugune gaban famfon kananzir da kwalbarta. Aka ɗura mata lita guda, ya hau har wuya, ya taɓa baki. Ta toshe da totuwar masara, ta riƙe kwalbar da hannu biyu, ta tafi tana taka ƙasa a hankali don kada ya zuba.