Tafin Hannun Malam Kato

Tun da Malam Kato ya rasu, ruwan kwamin da ya gina a bayan gidansu na Tudun Wada ya koma kore shar kamar miyar kuka. Gansakuka ta cinye ko'ina. A cikin ruwan nan kuwa akwai kunkurun ruwa guda biyu da ya kawo daga kogin Galma shekarar da ya ajiye aikin koyarwa. Da can, in ya zauna a bakin siminti ya ƙwanƙwasa da cokali, sai su taso da kawunansu. Matarsa Mama Suzana tana daga kicin tana mita, wai tsoho da furfurarsa ya rasa abokan hira sai kunkuru.

To yanzu ita ce ke zama a wurin da cokalin. Ta ƙwanƙwasa har hannu ya gaji, wata rana hanci ya ɓullo ya nutse, wata rana ko shi babu. Tsoronta kada wata safiya ta tarar da su a kife bisa ruwa. An raba tufafinsa, 'ya'ya sun kwashe littattafansa zuwa Abuja. Abin da ya rage mai numfashi da ya san kiransa, su ke nan, kuma kewarsa na cin ta.

Ta sa an kwashe ruwan an zuba sabo, bai daɗe ba ya sake komawa kore. Sai ta tuna da karfasa. Da can akwai su a kwamin, amma ranar zaman makoki da baƙi suka cika gida, ita da bakinta ta ce wa matan zumunta su kamo su soya. Wa ya san aiki kifin nan suke yi? Ita dai ta ɗauka wata shiriritar Malam ce.

Ta hau keke ta nufi kasuwa wurin Muntaka, mai kawo kifi da ransa a cikin baho. Yana ganinta ya tambayi Malam, ya ce kwana biyu shiru. Da ta faɗa masa, ya cire hula ya yi mata ta'aziyya. Ya ce ƙwarai, karfasa Malam ke saye don su ci gansakuka, tarwaɗa ko kyauta ba ya karɓa. Kuma ba ya yarda a zaɓa masa. Yakan shimfiɗa hannunsa kan kifin, duk wanda bai kai tsawon tafinsa har kan yatsu ba ya mayar.

Mama Suzana ta naɗe hannun riga ta auna yadda aka ce, ta zaɓi nata, ta koma gida da murna.

Murnar ba ta yi nisa ba. Kafin Lahadi ta zagayo, kifin sun fara tasowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ba wutsiya, wancan rabi. Kunkurun nan marasa kunya sun mayar da su kalaci. Ta tsaya ta zage su tas, ta ce da mai gidan ne da ba su yi masa haka ba. Daga nan ta zauna a bakin kwamin ta yi kukanta, hannayenta a kan cinya.

Tana kallon hannun ne abin ya faɗo mata. Ɗan ƙaramin hannu ne, tun tana budurwa Malam yake tsokanarta da shi. A asibiti ma, kwanakinsa na ƙarshe, takan ɗora tafinta cikin nasa, yatsunta ba su wuce gaɓarsa ta tsakiya ba. Ashe da nata ta auna, ba da nasa ba.

Washegari ta koma. Ta shimfiɗa hannu kan karfasa, Muntaka ya ce wannan ai ya yi.

"Bai yi ba," in ji ta. "Sai kifin ya wuce yatsuna da gaɓa biyu. Haka hannuna yake zama a cikin nasa."

Muntaka ya shiga lalube a ƙasan bahon.

Waɗannan manyan sun fi ƙarfin bakin kunkuru. Ta jefa musu fasassun tukwane don su sami maɓoya, suka duƙufa kan gansakuka. A hankali ruwan ya washe, har wata yamma ta hango ƙasan siminti. Ta ɗauko cokali ta ƙwanƙwasa. Duka biyun suka taso, suka miƙo wuya suna duban bakin kwamin, daidai inda yakan zauna.

"Ba shi ba ne," ta ce musu. "Ni ce. Ku yi haƙuri da ni."