Rumman ɗin Inna Azumi

Kowa a layin su Inna Azumi da ke Agege ya san ba a taɓa mata bishiyar rumman. Marigayi mijinta ne ya zo da ita daga Daura cikin gwangwanin tumatir, ya dasa a bakin rijiya. Tun rasuwarsa take lallaɓa ta kamar jaririya.

Sai aka sayar da gidan, sabon oga ya ce shaguna zai gina. Zuliha, 'yarta da ke aure a Ketu, ta ce Inna ta koma wurinta, a tafi har da rumman ɗin.

"Sai ta zubar da ganye tukuna," in ji Inna. "A gida haka ake yi. Ba a tayar da bishiya sai ta yi barci."

"Haba Mama, Legas ce fa! Direban bas ɗin danfo bai yi barci ba, sai bishiya?"

Inna ta kafe, ta yi ta jira. Ita kuwa bishiyar, kamar da gayya, ta ƙara kore shar, ta fesa jan fure, ta ɗauki 'ya'ya. Ana haka aka fara sauke bulo a ƙofar gida.

Ranar tashi, maƙwabcin Inna, Mato, ya haƙo bishiyar da dunƙulen ƙasarta, ya naɗe saiwar da jiƙaƙƙen buhu. Inna ta san sauran aikin, kuma ta san ba mai yi sai ita: bishiyar da aka yanke wa saiwa ba ta iya shayar da 'ya'ya. Matar da ke bin yara da tsintsiya kan ɗanyen rumman guda, yau ita ce ta tsinke su kaf da hannunta, ta rage rassa, tana hawaye ba ta ko sharewa.

A Ketu suka dasa ta a bayan ɗaki, suka yi mata rumfa da tsohon zane. Duk da haka ganyen ya bushe ya kakkaɓe. Inna ta ƙi kwance kayanta.

"In ta mutu, Daura zan koma. Ƙasar da ta ƙi ta ba za ta karɓe ni ba."

Hankalin Zuliha ya tashi ƙwarai, don ta san uwarta ba ta faɗa ta fasa. Kullum sai ta ga tsohuwar ta tsuguna da buta, tana ba busasshen icce ruwa.

Wata safiya bayan an sha ruwan sama, Zuliha ta ji kira daga bayan ɗaki. Ta sami Inna durƙushe, tana nuna wani ɗan jan toho da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

"Ashe barcin ta yi, Mama."

Inna Azumi ta miƙe tana karkaɗe zane, murna ta cika ta, amma ta ɗaure fuska.

"To, tsayuwar me kike yi? Zo ki nuna mini inda zan jera kwanukana."