Likitan Hoton Ƙashi da 'Yarsa ta Fari

Duk wanda ya taɓa cin tuwo a gidan Dokta Almu a garin Bowie, can ƙasar Turawa, ya san ba a banza ake cinsa ba, sai ka sha labarin Jamusawa. Likitan hoton ƙashi ne, kuma ya riƙe Röntgen, mutumin da ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, kamar kakansa na wajen uwa.

Ranar Asabar ɗin nan dattawa uku ya samu a falo, har da Alhaji Sirajo na gidan rediyo, sai baki ya buɗe.

"Lambar Nobel ta farko a fannin fiziks, a 1901, shi aka ba," in ji Dokta. "A shekarar Behring ya karɓi ta likitanci kan maganin mashaƙo, Koch ya biyo baya da tarin fuka. Mutanen nan ba sa cewa 'ina jin', sai sun gani da ido. Mu kuwa ƙiyasi da al'ada sun cinye mu."

Ana cikin haka Kaltum ta shigo riƙe da hannu, ta faɗo daga keke. 'Yarsa ce ta fari, kuma sunan mahaifiyarsa gare ta, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Tunda aka haife ta bai taɓa furta sunanta ba, daga "ke" sai "yarinyar nan". Ya so ya zabura, wallahi, amma ga dattawa sun zuba ido. Ya tashi da rawar jiki a kan 'yar fari? Ina!

Ya ɗan kalli hannun daga inda yake zaune. "Targaɗe ne. A sa mata ƙanƙara." Ya koma kan Koch.

Sai ga Rumasa'u, matarsa. Makullin mota kawai ta ajiye masa kusa da kwanon miya, ta tsaya a kansa. Alhaji Sirajo ya ce ai su ma yanzu za su tashi.

A asibitin gaggawa wata nas mai suna Abby ta tambaye shi sunan marar lafiya. Dokta Almu, wanda ke jero sunayen Jamusawa ba gargada, ya buɗe baki ya rufe, ya kama laluben aljihu. Yarinyar ce ta faɗa da kanta. Abby ta dube shi irin kallon da ake wa wanda ya sato ɗan mutane.

Da hoton ya fito, ba sai an kira malami ba: karaya ce ɓaro-ɓaro a wuyan hannu, ko ɗalibin ajin farko zai gani. Ya karanta dubban irinsa na 'ya'yan wasu. Wannan kuwa ya kasa, idon ya cika da ruwa. 'Yan ƙasusuwan ƙanana ne ƙwarai, ko gama haɗewa ba su yi ba. Kaico, ga mutumin da ɗazu yake zagin ƙiyasi, ya duba 'yarsa daga kan kujera da loma a hannu.

Suna jiran a sa mata filasta Kaltum ta yi magana, da Turanci kamar kullum, ba ta ko dube shi ba.

"Da Fatihu ne, da ka taso da gudu." Fatihu ƙanenta ne. "Shi kana kiran sunansa. Ba komai, Baba, na san ba ka sona kamar shi."

Maganar ta soke shi. Ya so ya yi mata bayanin kunya, cewa a garinsu Zariya haka ake nuna wanda aka fi so. Ya auna bayanin da Turanci a ransa, ya ji shi kansa ba zai saya ba.

"Kaltum," ya ce, da ƙyar.

Ta waiga wajen ƙofa tana neman mai kiranta, don ba ta san sunan a muryarsa ba. Sannan ta juyo a hankali.

"Sake faɗa," ta ce, wannan karon da Hausarta mai tsami.

Dokta ya leƙa bayan labule ya tabbatar babu Bahaushe ko ɗaya a kusa. Ya dawo, ya durƙusa gaban gadon, ya sake faɗa.