Waɗanda Muka Bari a Gindin Ganuwa

A al'adarmu, idan ƙurar yaƙi ta lafa, wanda ya aika manzo ya roƙi gawawwakin mutanensa shi ne ya amsa cewa an ci shi. Sarkinmu bai taɓa aikawa ba. Tun daga tsaunukan Makidoniya har ƙasashen da harshenmu ba ya iya juya sunansu, mu ake roƙo, mu ke bayarwa. Garuruwa da yawa wannan labarin kaɗai ya buɗe mana ƙofarsu, ba a jefa ko mashi ba.

Sai muka zo wani ɗan gari a kan dutse. Muka kafa tsani, suka zubo mana duwatsu da yashi mai zafi. Muka ja da baya, muka bar namu zube a gindin ganuwa. Cikinsu akwai Mikkalos, ɗan wani tsohon soja mai suna Koragos, wanda muke ci a tukunya ɗaya da shi.

Washegari aka busa ƙaho, wai a ɗaure kaya. Sarki ya ce ba a yi yaƙi a nan ba, leƙawa kawai aka yi.

"Leƙawa?" in ji Tauron, maƙwabcina a sahu. "To leƙen nan ya ci mini haƙoran gaba."

Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya san wanda ba a ƙona shi an rufe ƙashinsa ba, ba ya ƙetare kogin matattu.

Koragos ya ajiye mashinsa, ya karyo reshen zaitun, alamar mai zuwa roƙo, ya hau dutsen shi kaɗai. Muna ƙasa muna jin komai. Wani sojan haya mai jin harshenmu ya leƙo ta kan ganuwa.

"Kai tsoho, sarkinku ne ya aiko ka, ko matarka?"

"Ɗana na zo ɗauka."

"An ci ku ko ba a ci ku ba? Ɗaga murya, na baya ba sa ji."

"An ci mu!"

"Madalla. Bakin mutum ɗaya, gawa ɗaya. Sauran sai mai gidanku ya roƙa da kansa."

Mutanen garin sun riga sun tuɓe wa gawawwakin sulke sun rataye a kututture, alamar nasara. Rana da ungulu sun gama da fuskokin. Koragos ya daɗe yana juya wannan, yana ɗaga hannun wancan. Daga ƙarshe ya saɓo wani mai dogayen ƙafafu irin na ɗansa.

Muka tara itace muka ƙona shi, muka zuba masa ruwan inabi, muka rufe ƙashin. Shugaban sahunmu ya zo ya tsaya.

"Wutar mece ce wannan?"

"Akuya muke gasawa, ranka ya daɗe," in ji Tauron.

Ya gyaɗa kai ya wuce. Ba a hukunta Koragos ba. Da an hukunta shi, da an amsa cewa akwai abin da ya roƙo.

Bayan mun kama hanya, da rana tsaka waɗanda muka bari a gindin ganuwa suka fara zuwa, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. In muka tsaya cin gurasar sha'ir da albasa, sai mu gan su can bayan alfadarai, tsirara, a jere kamar yadda aka koya musu. Ba sa magana. Tulun ruwa kawai suke kallo. Fuskokinsu sun dawo musu, har mukan kira sunayensu a zuci.

Na jima ina tambayar kaina wa ke da gaskiya. Shirun sarki ya buɗe garuruwa ba jini, ya bar dubban 'ya'yan wasu da rai. Amma waɗancan da ke tsaye cikin rana su suka biya, kuma ba wanda ya tambaye su.

Koragos ya ƙi waiwayawa har muka ƙetare kogin da ke gaba. Ranar da ya waiwaya, ya daɗe yana kallo. Mikkalos na nan, na uku daga hagu, inda ya saba tsayawa.

Tsohon ya ajiye gurasarsa a hankali.

"To ɗan waye na ɗauko?" ya tambaye ni.

Ya tashi ya nufe su cikin ranar nan, yana duba fuska ɗaya bayan ɗaya, ko zai gane wanda babu a cikinsu.