Wuyan Mai Waiwaye

Mijina wuyansa a karkace yake. Ba haka aka haife shi ba, don na ga hotonsa na makaranta, kai zaune daram a tsakiyar kafaɗu kamar na kowa. Aiki ne ya juya shi. Tun yana saurayi yake tuƙa irin katafilar nan da suke kira sikirefa, ƙaramar, wadda take kankare ƙasa da wuƙar da ke ƙarƙashinta, wata sarƙa mai matakala kamar tsani tana kwasar ƙasar tana watsa mata a ciki. In ta cika sai ta ɗaga ciki ta ruga ta zubar inda ake son cikewa, ta dawo. Matsalar ita ce direba yana gaba, aikin yana baya. Mutum zai wuni hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a kan sandunan ƙarfe, kai kuma a bisa kafaɗar dama yana duban sarƙa. Shekara da shekaru a haka, sai wuyan ya ga ba amfanin dawowa, ya yi zamansa a can.

A wurin aiki Mai Waiwaye suke ce masa. Ni Baban 'Yan Biyu nake ce masa, in raina ya ɓaci kuma, Malam.

Gidanmu duk a kan wuyan nan aka tsara shi. Kujerarsa tana fuskantar bango, talabijin tana gefen dama can baya-baya. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka fushi yake yi da mu. Mai aski ya san ta inda zai tsaya. Mai hoto kuwa da ya gaji da cewa "Baba, kallo nan," ɗaukar kyamararsa ya yi ya zagaya. In ya idar da salla, sallamar dama ba ta ba shi wahala, dama can yana wurin. Ta hagu ce aiki, sai ya haɗa da kafaɗu da ƙugu, kana jin wani abu yana ƙas a wuyan.

Ni kuma wurina sananne ne: dama, ɗan baya kaɗan. Nan 'yar kujerata take a falo, nan nake bi in mun fita. Ba zai yi nisa ba sai ya waiwayo mu haɗa ido. Matan unguwa har magana suke yi.

"Ke dai kin dace. Namu in suka sa kai gaba, ko rijiya kika faɗa sai sun isa gida za su sani."

Ban taɓa gyara musu zance ba. Me zai sa? Na san aiki ya karkata wuyan, amma a raina na riƙe cewa kallon nawa ne, kuma ina da hujja. Lokacin da nake budurwa aka zo yin hanya ta unguwarmu. Kullum in ina shanya a ƙofar gida sai wata katafila ta wuce da ƙara, wani siririn saurayi a kai, fuska duk ƙura. Yana wucewa sai ya waiwayo. Ya dawo, ya wuce, ya waiwayo. Na koma shanya kayan da suka riga suka bushe. Wata rana ya shigo shingen Inna da katafilar gaba ɗaya, ya kwantar da langa-langan, ya taka mata bishiyar lemo. Ya sauko ya ce birki ne. Ya zo gyaran shinge, shingen ya ƙi gyaruwa har sai da manyansa suka zo gaisuwa. Wannan labari na ba 'Yan Biyu, na ba Auta, na ba surukai, har jikoki sun fara haddace shi. Shi ba ya cewa komai in ina bayarwa. Dama shi magana kamar da kuɗi yake sayenta.

Tsohuwar motar da ya ƙare ƙuruciyarsa a kanta Gyatuma suke kiranta. Ba ƙofa, ba gilashi, rumfar ƙarfe ce kawai a kansa. Kujerarta ta mutu tun tuni, sai da na ɗinka masa matashi. In ya dawo gida ƙasa ce a kunne, ƙasa a gira, in ya yi magana kuma ihu yake yi don har lokacin injin yana kansa. Sai bara kamfani ya sayo sabuwa, aka ce babba a direbobi shi zai hau. Ma'aikata suka sa mata Mai Gilashi.

Ranar farko ya dawo da rigarsa fes. Na tambaye shi ko ba a yi aiki ba ne.

"An yi."

"To ina ƙurar?"

"Tana waje."

A hankali na tatso sauran. Ɗaki ne rufaffe mai sanyi. Kujera tana lilo a kan iska, ba ta dukan ƙugu. Maimakon sandunan nan masu taurin kai, wani ɗan abu ne kamar maburgin miya, da yatsu ake taɓa shi. Sannan akwai 'yar talabijin a gabansa, kyamara tana nuna masa wuƙa da sarƙa da yadda ciki yake cika. Ba sai ya waiwaya ba.

Na ce masha Allah, kuma da gaske nake. Auta, wadda take aiki a asibiti, ta kawo masa wani man zafi ta koya masa motsa wuya safe da yamma. Kafin damina ta wuce kan nasa ya fara dawowa gida. Muka matsar da talabijin. Muka ƙara matsarwa. Wata rana na shigo na tarar ya juya kujerarsa da kansa, yana kallon labarai kamar mutumin kirki. Hagu dai har yanzu ta ƙi, amma tsakiya ta samu.

Kowa ya yi murna. Ni ma na yi, ta kwana biyu. Sai na lura ina zaune a wurina na kullum ina kallon ƙeyarsa. Ban san yana da sanƙo a nan ba sai lokacin. Muka je dubiya asibiti, tun daga bakin titi har ƙofar ɗakin mara lafiya bai juyo ba ko sau ɗaya. Da gangan na tsaya gyara takalmi. Ya yi gaba abinsa, sai da na ɗaga ƙafa na cim masa.

Na faɗa wa Auta. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Mama, to da ma ai ba ke yake kallo ba. Wuyan ne ya maƙale."

"Tashi ki ba ni wuri."

Ta tashi, amma maganar ta zauna. In wuya ne kawai, to shekarun nan duka wa ya kalle ni? Kuma wancan saurayin mai ƙura fa? Tsoro ya kama ni, tsoron kada ya zama na gina aure guda a kan ciwon wuya. Abin dariya ne in a bakin wani ka ji shi. Ni ban yi dariya ba.

Wata safiya ya manta kular abincinsa. Ko kuma na manta ban miƙa masa ba, duk ɗaya ne. Na sa mayafi na hau mota har wurin aikin. Fili ne babba ake daidaitawa, a yanki tudu daga gabas a cike kwari a yamma, hanyar jigila a tsakani. Na tsaya kusa da inda ake yanka. Sai ga Gyatuma tana tahowa tana tari, wani dogon mutum a kanta wanda ban sani ba, zaune a kan matashin da na ɗinka. Ya sauke wuƙa, sarƙa ta fara ƙaƙaf-ƙaƙaf tana haɗiyar ƙasa. Yana wuce ni sai ya waiwayo ta kafaɗar dama, ido a ƙanƙance, baki a ɗan buɗe. Wallahi kallon nan ne. Shi ne dai, ba ragi. Na duba bayana ko akwai wata, babu kowa sai tarin ƙasa.

Can sai ga Mai Gilashi, sumul, ba hayaƙi. Mijina yana ciki a miƙe kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Ya sauke wuƙa, ya cika, ya ɗaga, bai ko motsa kai ba.

Da aka tashi cin abinci ya sauko ya karɓi kula.

"Lafiya?"

"Lafiya. Kula ka bari."

Ya ce in hau in gani. Ya riƙe mini hannu na taka matakala. Ciki ƙamshin sabuwar roba, shiru kamar ofis. Ya kunna 'yar talabijin ɗin, ga sarƙa nan tsaye, ƙasa maƙale a matakalarta. Ya yi mini bayanin da ya fi duk maganar da ya yi a watan: yadda in ka nutsa wuƙa da yawa sarƙa take shaƙewa, in ka ɗaga da yawa kuma ka yi ta yawo da rabin ciki, yadda a Gyatuma da kunne da ƙugu yake gane ta ƙoshi, a nan kuwa wata fitila ce take gaya masa. Ya ce har yanzu bai gama yarda da fitilar ba, amma ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Na bar shi ya gama.

"Malam."

Ya ajiye cokali.

"Lokacin da kake wucewa ta ƙofar gidanmu kana waiwaye, me kake kallo?"

Ya dubi allon.

"Sarƙa mana."

"Sarƙa."

"To me ake kallo a baya?"

Na ce babu komai, a ci lafiya. Na sauko ban jira hannunsa ba.

Motar komawa sai yamma, don haka na nemi inuwa. Akwai wata rumfa a gefen hanyar jigila inda bakanikensu yake aiki, da durom-durom na ruwa a jere a gaba. Dattijo ne mai surutu. Ya share mini benci, ya kira ni Maman 'Yan Biyu, ya tambayi jikoki. Ina amsawa sama-sama.

Aka koma aiki. Gyatuma ta taho daga tudu da cikinta fam, tana gudu tana tsalle, ƙasa tana girgiza har cikin bencin. Dogon nan ya wuce mu ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ido a gaba. Ta dawo wayam, ido a gaba. Ta sake wucewa, haka.

Na ce, "Wannan ya gaji da waiwayen ne?"

Bakanike ya ce, "A nan? Haba, Maman 'Yan Biyu. A wurin yanka ake waiwaye. In an ɗaga ciki an hau hanya sarƙa a kashe take, ba abin kallo a baya. Ga nauyi, ga gudu. Wanda ya waiwaya a nan ai sai dai a je a ciro shi daga rami."

Ya ci gaba da kwance wani ƙarfe. Ni kuma na zauna ina ganin ƙofar gidan Inna. Ba a taɓa yanka ƙasa a gabanta ba. Can bayan makaranta suke yankowa. Ta wajenmu wucewa kawai suke yi a guje da kaya, kwanukan Inna suna kaɗawa a kan kantar ɗaki, tana tsine musu. Ba wuƙa a ƙasa, ba sarƙa tana juyawa. Hanyar jigila ce.

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga Mai Gilashi ta taho da kayanta. Rumfar tana hagunsa. Ya zo daidai mu, fuska a gaba, ya wuce. Na ce a raina, to, kallon wancan lokaci dai nawa ne, ko da yanzu babu. Sai na ga kafaɗarsa ta motsa. Ta cikin gilashin baya na ga mutumin nan yana juyowa ta hagu, gefen da ko a salla sai ya yi dabara, da kafaɗu da ƙugu da komai, fuska a yamutse don zafi, har sai da ya same ni a kan benci. Mai Gilashi kuwa ta ga ba mai kula da ita, ta ɗan saki hanya. Tayar gaba ta bi ta kan durom na ƙarshe ta mai da shi faranti. Ruwa ya yi sama.

Bakanike ya miƙe da sifana a hannu.

"Ikon Allah. Duk shekarun nan ban taɓa ganin ya taka ko gwangwani ba."

Na ce ni ma haka. Na gyara mayafi don kada ya ga bakina.

Da yamma ya dawo wuya a sandare, ba dama ba hagu. Na ɗauko man zafin Auta. Na janyo 'yar kujerata daga inda ta saba zama na kai ta hagunsa, na zauna, na ɗebo man a yatsa.

"Baban 'Yan Biyu, na ji an ce wani ya taka durom yau."

"Uhm."

"Da sabuwar mota. Mai kyamara."

Ya daɗe yana kallon talabijin, wadda ba a kunna ba.

"Birki ne," ya ce.

Na ce Allah ya kyauta, ya sunkuyar da kai in shafa.